Tun Ina Goye Barci Yake Guduna

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamin sakandare ne a Gombe, ina zaune a Tumfure, shekarata 43. Tun ina yaro nake fama da rashin barci. Mahaifiyata ta ce ko ina goye kowa sai ya yi barci ya bar ni ido biyu. Ina kwanciya wajen 9:30 na dare, amma sai ƙarfe 1 ko 2 barci ke ɗaukata. In na yi sallar Asuba in koma in kwanta har 7. An yi min rubutu, an yi ruƙya, na sha jiƙe-jiƙe. Shekara biyu ke nan ina sayen Lexotan a kemis, yanzu shi ma ya daina yi min. Haka zan ƙare ke nan? Kuma da gaske ne rashin barci yana haukata mutum?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Sannu da fama, Allah ya kawo sauƙi.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don na san ita ce ke zuwa maka da ƙarfe biyun dare in gari ya yi tsit. Irin wannan rashin barcin ba ya haukata mutum. Shekara arba'in kuna tare, kana shiga aji, kana riƙe da gida. Da zai yi da tuni ya yi. Abin da bincike ya tabbatar shi ne, mai daɗaɗɗen rashin barci ya ninka sauran mutane kusan sau biyu wajen haɗarin faɗawa ciwon damuwa, kuma abin yakan tafi tare da hawan jini. Don haka ka riƙa auna jininka, ka ɗauki maganar da muhimmanci, amma ka cire hauka daga lissafi. Wannan tsoron shi kansa yana cikin masu hana ka runtsawa.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. A wurinmu abin yana zama ciwo idan mutum yana kasa samun barci, ko yana farkawa ya kasa komawa, aƙalla dare uku a mako har tsawon wata uku, kuma yana jin abin a jikinsa da rana. A wannan ma'aunin, kusan mutum ɗaya cikin manya goma yana ciki. Wato a sahun da kake tsayawa da Asuba akwai irinka. Sai dai kowa in an ce masa "ina kwana" ya ce "lafiya lau", a wuce wurin.

Maganar mahaifiyarka gaskiya ce. Akwai waɗanda Allah ya halitta da barci marar nauyi, motsi kaɗan sun buɗe ido, kuma abin yana bin jini. In ka bincika dangi da wuya ka rasa wani kawu ko goggo mai irin halin. Wannan ba zan yi maka alkawarin zai canza ba. Ba za ka taɓa zama irin mutumin nan da ke sharar barci a kan buhunan masara a bayan a-kori-kura ba. Amma halitta ba ita kaɗai ke aiki ba. Wani masanin barci ɗan Amurka, Arthur Spielman, ya kasa abin gida uku a 1987: abin da aka haifi mutum da shi, abin da ya tayar da ciwon, da abin da ke riƙe shi. Ni nakan kwatanta wa marasa lafiya da gobarar daji. Halitta ita ce busasshiyar ciyawar rani. Ashana kuwa ko wacce ce ta isa: jarrabawa, rasuwa, bashi, jinya, sabon jariri. In ciyawa ce da ashana kawai, wutar kwana kaɗan za ta yi ta mutu. Abin da ke sa ta shekara da shekaru tana ci shi ne itacen da ake ta ƙara mata, kuma abin tausayin, mai ciwon ne ke ɗebo itacen da hannunsa da niyyar kashe wutar: kwanciya da wuri don a tari barci, komawa gado da safe don a rama, goro da shayi don a iya tsayuwa da rana, ƙwaya da dare, duba agogo ana lissafin saura awa nawa. A wannan kaso na ukun aikinmu yake, kuma nan ake samun nasara ko da ciwon tun na goyo ne.

Abu biyu ke kawo barci. Na farko nakan kira shi yunwar barci. Daga lokacin da ka farka wani sinadari mai suna adinosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, gwargwadon daɗewarka ido biyu gwargwadon yawansa, kuma barci ne ke share shi. Kamar yunwar abinci ce sak: wanda ya yini yana ciye-ciye ba zai ci tuwon dare da marmari ba. Na biyu wani agogo ne can cikin ƙwaƙwalwa, wanda hasken da ke shiga ido yake saitawa kullum. In duhu ya yi sai ya ba da umarni a saki sinadarin melatonin, zafin jiki ya ɗan sauka, jiki ya san dare ya yi. In waɗannan biyun suka haɗu a lokaci guda, barci ba ya neman izinin kowa. Shi ya sa Bahaushe ya ce barci ɓarawo ne. To ɓarawo kuwa ba ya shiga gidan da maigida ke zaune yana jiransa da tocila da gora, kuma gadin da kake yi ke nan kowane dare tun daga 9:30. Ka tambayi duk mai barci lafiya me yake yi barci ya ɗauke shi, zai kalle ka da mamaki, don ba ya yin komai.

Mu yi lissafi, tunda kai malami ne. Daga 9:30 zuwa 5:00 awa bakwai da rabi. Ka dawo masallaci ka kwanta daga wajen 5:45 zuwa 7:00, awa ɗaya da kwata. Jimla kusan awa tara a kan katifa, barcin da ke ciki bai wuce awa huɗu da rabi zuwa biyar ba. Ragowar awa huɗun kana kwance kana juyi, kana saƙa da warwara, kuma haka ake yi tun kana saurayi. Ƙwaƙwalwa kuwa ɗaliba ce mai riƙe darasi. Ta haddace cewa katifar nan wurin tunani ce da takaici. Ina kyautata zaton kakan yi gyangyaɗi a kujera ana cikin hira ko ana labarai, amma da ka miƙe ka hau gado sai idonka ya bushe ƙamas. In haka ne, to ka ga darasin da nake nufi. Tun 1972 wani masanin halayyar ɗan Adam, Richard Bootzin, ya tsara yadda ake warware shi.

Maganin da ya fi kowanne ƙarfi a wannan ciwon sunansa a wurin likitoci CBT-I, wato gyaran ɗabi'u da tunanin da suka shafi barci. A 2016 babbar ƙungiyar likitocin cututtukan manya ta Amurka ta ce da shi za a fara wa duk mai daɗaɗɗen rashin barci kafin a kawo zancen ƙwaya. Kusan bakwai cikin goma na waɗanda suka bi shi suna samun sauƙi na a zo a gani cikin mako shida zuwa takwas, kuma sauƙin yana ɗorewa bayan an gama, abin da ƙwaya ba ta iya yi. Ba ya buƙatar kuɗi. Haƙuri yake ci, da yawa kuwa.

Mako biyun farko kada ka canza komai. Ka ware ɗan littafin rubutu, kowace safiya ka rubuta lokacin da ka kwanta, kimanin lokacin da barci ya ɗauke ka, sau nawa ka farka, yaushe ka tashi, da abin da ka sha jiya na shayi, goro ko magani. Kiyasi za ka yi, ba duba agogo cikin dare ba. Wani abu da za ka iya gani zai ba ka mamaki: masu rashin barci sukan yi barci fiye da yadda suke zato. In an sa musu na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa, sai a ga sun yi awanni a cikin barci marar nauyi, su kuma su rantse ko runtsawa ba su yi ba. Ba ƙarya suke yi ba, haka abin yake a jikinsu. In uwargida ta ce ta ji ka kana minshari a daren da ka ce idonka biyu, kada ka yi mata musu.

Bayan mako biyun sai doka ta farko: a matse lokacin kwanciya ya yi daidai da barcin da kake samu. Daga wajen tashi ake kafa turke, kuma a nan mu mun yi dace. Likitocin Turai fama suke da marasa lafiya kan su riƙa tashi lokaci ɗaya har Asabar da Lahadi. Mu ladan ya ɗauke mana wannan aikin, kuma a Gombe motsin da lokacin Asuba ke yi a duk shekara bai kai awa ɗaya ba. To a ce littafinka ya nuna awa biyar. Sai ka ba kanka awa biyar da rabi: ba hawa gado kafin 11:30, tashi 5:00, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba. Bayan Asuba ba komawa. Na san wannan shi ne mafi ɗaci, don na san daɗin barcin bayan Asuba, musamman da hunturu. Ga mai barci lafiya ba laifi ba ne. Kai kuwa shi ne ke cinye maka yunwar da kake buƙata da dare, kuma yana hana idonka ganin hasken safe da zai saita agogon. Ka zauna a masallaci ka yi azkar, in gari ya waye ka taka da ƙafa a waje na minti ashirin zuwa talatin. Hasken waje, ko da hazo, ya ninka na ƙwan ɗaki sau da yawa.

Makon farko na wannan matsin za ka ji kamar na cuce ka. Za ka fi da gajiya, za ka yi hamma a gaban ɗalibai. Wannan alama ce aikin yana ci: yunwar tana taruwa. Wajen ƙarshen mako na biyu yawancin mutane sukan ga barci yana ɗaukarsu cikin minti ashirin, kuma ya zo a dunƙule maimakon gutsi-gutsi. Daga nan duk ƙarshen mako ka duba littafin. In barci ya cika aƙalla kashi 85 cikin 100 na lokacin da kake kan gado, wato wajen awa huɗu da minti arba'in cikin awa biyar da rabi, sai ka ƙara wa kanka minti 15 ta gaba: 11:15, mako na gaba 11:00, a haka a haka har ka kai inda kake yini garau. Mutane da yawa irinka tsakanin awa shida da bakwai suke tsayawa, kuma ya ishe su. Awa takwas ɗin da ake ta faɗa ba farilla ba ce a kan kowa. Ko me littafin ya nuna, kada ka matse lokacin ƙasa da awa biyar.

Akwai kashedi. In da babur kake shigowa gari daga Tumfure, ka bari sai an yi hutun makaranta ka fara, ko ka hau Keke NAPEP a makonni biyun farko. Direban doguwar tafiya, da mai aiki da injin da ke yanka ko niƙa, da mai farfaɗiya, da mai ciwon nan da ke sa mutum ya yi kwanaki ba barci yana ta surutu da ɓarnar kuɗi daga baya ya faɗa baƙin ciki, duk waɗannan kada su gwada matse barci sai a hannun likita.

Na san za ka ce, to ai sunna a kwanta da wuri, Manzon Allah (SAW) ba ya son hira bayan Isha'i. Haka ne, kuma can muka nufa. Wannan jinkirin magani ne na ɗan lokaci, kamar yadda ake hana mai ciwo wani abinci na halal har ya warke. Kuma ban ce ka tafi majalisa ko teburin mai shayi ba. Tsakanin Isha'i da 11:30 ka zauna a gida cikin haske kaɗan: hira da iyali, tilawa, guga in akwai wuta, karatun da ba ya tayar da hankali. Makin takardun jarrabawa da lissafin albashi ka gama su kafin Magariba. Waya kuwa, haskenta ba shi ne babban laifinta ba. Laifinta shi ne ba ta ƙarewa. Ka shiga Facebook ka tarar ana rigimar siyasa ko ta malamai, ka fito zuciya na tafasa, sannan ka ce barci ya zo? Ka ajiye ta awa ɗaya kafin kwanciya, nesa da hannu.

Doka ta biyu ita ce ta Bootzin. Kada ka kwanta sai kana jin barci, kuma ka bambanta barci da gajiya: gajiya a gaɓoɓi take, barci a ido yake, fatar ido ta yi nauyi, kai ya fara rinjaya. In ka kwanta ka ga kamar minti ashirin sun wuce ba labari, ka tashi. Littattafan Turawa cewa suke yi ka koma wani ɗakin, su da ke da ɗakuna. Wanda ke ɗaki ɗaya ko ciki da falo, yara kwance ko'ina, ya ware kusurwa guda ya shimfiɗa dadduma ko tabarma, ya zauna a zaune, kada ya kishingiɗa. In da tsakar gida kuma sauro ya bari, nan ma ya yi. Ka ja carbi, ka saurari karatu ƙasa-ƙasa, ka yi nafila in ka so. Abu ɗaya: kada ka yi su kana leƙen ko barcin ya iso, don ka koma gadi ke nan. In ido ya yi nauyi ka koma. In bai ɗauke ka ba ka sake tashi, ko sau huɗu ne a dare. Da haka ƙwaƙwalwa ke goge tsohon darasi. Agogon bango ka juya shi; ladan zai tashe ka.

Tunanin da ke taso maka da dare kuwa, kuɗin makarantar yara, haya, maganar da wani ya faɗa maka a ofis, ka yanka masa lokacinsa da rana. Bayan La'asar ka zauna minti 15 da biro, ka rubuta abin da ke damunka, a gabansa ka rubuta mataki ɗaya da za ka ɗauka. In ya dawo cikin dare ka ce masa an riga an rubuta, sai gobe. Kamar wasa ne, amma yana aiki. Ƙailula kuma ka haƙura da ita a makonnin farko. In barci ya daidaita ka dawo da ita, minti ashirin bayan Azahar, kada ta kai La'asar.

Akwai wani abu a tambayarka da ya tsaya min. Ka ce tun kana yaro ne, kuma kullum wajen 1 ko 2 barcin yake zuwa. Ka tuna lokacin dogon hutu: in ka kwanta ƙarfe 2, ka yi Asuba ka koma har 10, barcin yana yin nauyi ka tashi wasai? In eh, to mai yiwuwa injin barcinka lafiyarsa ƙalau, agogon ne ke baya da awa uku ko huɗu. Wannan wani ciwo ne daban, ya fi bayyana tun ƙuruciya, kuma ana yawan rikita shi da rashin barci. Jigon maganinsa hasken safe ne kullum ba fashi, da rage haske da dare, wani lokaci da melatonin ɗan kaɗan da ake sha awanni kafin kwanciya. A wannan maganin lokacin sha ya fi yawansa muhimmanci, kuma in an sha a lokacin da bai dace ba sai ya ƙara tura agogon baya. Shi ya sa ban so ka saya da kanka. Ka faɗa wa likita wannan dalla-dalla.

Ba ka ambaci goro da shayi ba, amma ban taɓa ganin malamin makaranta mai kwana ido biyu da ba ya taɓa ko ɗaya ba. Sinadarin kafeyin da ke cikinsu zuwa yake ya zauna a gurbin adinosin, sai ƙwaƙwalwa ta daina jin yunwar barcin alhali tana nan. Jiki yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya fitar da rabinsa. Kofin da ka sha ƙarfe 6 na yamma, rabinsa na jininka ƙarfe 11, kwatansa na nan har gab da Asuba. Yana cikin goro, da Lipton, da Nescafé, da shayin nan mai kauri da ake dafawa a ƙaramar buta a majalisa, da Coke, da lemukan ƙara kuzari irin su Fearless, har da wasu magungunan ciwon kai kamar Panadol Extra. Ka tsayar da su duka daga Azahar. In ka saba da yawa ka rage a hankali cikin mako guda, in ba haka ba ciwon kai zai sa ka koma. Zoɓo da citta da kunun aya ba su da shi. Sigari da shisha su ma masu farkarwa ne. Tuwon dare mai nauyi da yaji gab da kwanciya yana tayar da ƙwannafi. A ci da wuri.

Zafi kuma sai wanda ya kwana a Gombe a watan Afrilu, rufin kwano ya yini yana shan rana, ga an ɗauke wuta. Sai zafin cikin jiki ya sauka kaɗan barci ke shiga, shi ya sa bazara ta fi kowane lokaci wuya. Wanka kafin kwanciya, yayyafa wa tsakar gida ruwa, kwana a waje cikin gidan sauro, duk dabarun iyayenmu ne kuma daidai suke. In janaretan maƙwabta ne ke damunka, ƙarar fanka mai caji da ba ta canzawa takan rufe shi.

Yanzu Lexotan. Sunansa na asali bromazepam, ɗan gida ɗaya ne da Valium. An yi su ne don a sha na ɗan lokaci, mako biyu zuwa huɗu. In aka zarce, jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta daina yi, kamar yadda ka gani. Ranar da ba ka sha ba kuwa barci ya ƙaurace gaba ɗaya, sai ka ce ashe ba zan iya ba sai da ita, alhali rashinta ne ya haifar da wannan daren. Tana rage barci mai zurfi, tana kawo mantuwa da jiri, tana kayar da tsofaffi. Duk da haka, don Allah kada ka karanta wannan ka watsar da ita yau. Bayan shekara biyu, dainawa farat ɗaya na iya kawo rawar jiki, firgici, har da faɗuwa irin ta farfaɗiya. Likita ne zai tsara maka ragi kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni, kuma ya fi sauƙi in ka riga ka fara gyaran da na bayyana. Kada kuma ka canza ta da Piriton, wanda cikin 'yan kwanaki yake daina sa barci ya bar ka da bushewar baki da nauyin kai. Tramadol da maganin tari mai kodin ba ma sai na faɗa ba. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tarin mai kodin da shigo da shi saboda ɓarnar da ya yi. Jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a gora ba rubutu ba komai, ba ka san abin da aka zuba ciki ba, ka bar su.

Rubutu da ruƙya da ka ambata, ban raina su ba. Alwala kafin kwanciya, kwanciya a gefen dama, Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, tasbihin nan 33, 33, 34, ka riƙe su, ibada ce, kuma abin da ake maimaitawa kowane dare cikin natsuwa yana shaida wa jiki cewa yini ya ƙare. Abin da nake ja a kai shi ne a tsaya a kan lallai sammu ne ko aljanu, a ƙi bincika jiki. Ko dannau da ke firgita mutane yana da bayani: a lokacin mafarki ƙwaƙwalwa takan kashe motsin gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake gani, to wani lokaci hankali ya riga jiki farkawa da 'yan daƙiƙoƙi. Ya fi samun wanda barcinsa ya yi ƙaranci ko ya rikice, da mai kwanciya rigingine.

Akwai cututtukan da ke ɓuya a bayan rashin barci, kuma dole a duba su. Minshari mai ƙarfi da numfashi ke ɗaukewa mutum ya farka a firgice, musamman ga mai ƙiba ko hawan jini. Irin wannan Lexotan ƙara masa haɗari yake yi. Wani irin tsiko ko rarrafe a ƙafafu da dare da ba ya lafawa sai an motsa su, wanda sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki ke kawowa. Yawan fitsarin dare na ciwon suga ko mafitsara, ko maganin hawan jini mai sa fitsari da ake sha da yamma maimakon safe. Asma, ciwon gaɓoɓi, maƙoƙo mai sa bugun zuciya da rama, da magunguna irin su prednisolone. Sai ciwon damuwa: in kana farkawa tun kafin kiran farko da ƙunci a zuciya, abin da kake so da ya daina yi maka daɗi, ko tunanin gara mutuwa yana zuwa maka, kada ka jira mako biyun littafi, ka je asibiti a wannan makon.

Ko bayan ka samu sauƙi, munanan darare za su riƙa zuwa jefi-jefi, haka halittarka take. Washegarin irin wannan daren kada ka rama: ka tashi lokacinka, ka yini yadda ka saba, kada ka kwanta da wuri, yunwar da ta taru za ta biya ka da kanta. Azumi ma zai hargitsa tsarin, da Tarawihi da sahur da Tahajjud na goman ƙarshe. Ka bar shi ya hargitse, bayan Sallah ka koma 11:30 na mako ɗaya ko biyu ka sake hawowa.

Ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ka fara da likitocin iyali, in sun tura ka sashen ƙwaƙwalwa kada ka ji wani iri. Su ne suka fi kowa sanin barci da yadda ake yaye mutum daga irin ƙwayar da kake sha. Ka tafi da littafin mako biyun, da kwalin maganin don a ga ko miligiram nawa ne. In da hali uwargida ta raka ka, don tambayar minshari da ɗaukewar numfashi ita za a yi wa.